Hiyas da ƙaramar motar iyali: kowace da aikinta

Sau da yawa muna ganin mutum ya tara ɗan kuɗinsa ya sayi mota irin Sienna don haya, ba a jima ba ta koma kwana wurin makaniki. To, tarihi ya faɗi dalili.

Babbar ce ta fara zuwa. A 1950 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fiddo Kombi, a 1967 kuma Toyota ya fiddo HiAce, wadda muke ce ma Hiyas. Don aiki aka ƙera su: kaya, ma'aikata, fasinja. Hiyas da muka saba gani a tasha, injinta na ƙarƙashin kujerar direba, tayoyin baya ke tura ta, shi ya sa take jure lodi.

Ƙaramar kuwa sai a 1983 Chrysler na Amurka ya fiddo Dodge Caravan, Renault na Faransa ya biyo da Espace a 1984. Caravan bisa ƙirar ƙaramar mota aka yi ta: inji gaba, tayoyin gaba ke ja, wurin mutum 7, ga ta ƙasa-ƙasa don yara da tsoffi su hau ba wahala.

Ke nan bisa kwalta da iyali, ƙaramar ta fi daɗi. Amma hanyar kasuwar ƙauye, ga rairayi ga buhunan hatsi, ba nata ba ne. Kafin mu ba dillali kuɗi, mu fara duba hanyar da motar za ta bi.