Zdeno Chara da muhawarar haɗa 'yan baya a hokin ƙanƙara

A wasan hokin ƙanƙara, ƙungiya kan fito da 'yan baya shida, a raba su biyu-biyu su riƙa karɓeɓeniya. Zaɓen wanda zai tsaya da wane shi ne abin da ya fi haddasa gardama, musamman idan ɗaya ya fara manyanta.

Zdeno Chara, ɗan Slobakiya mai tsawon mita 2.06, ya riƙe kyaftin na Boston Bruins daga 2006 zuwa 2020. A wasannin neman kofi na 2011, bayan Montreal ta doke su sau biyu a jere, koci Claude Julien ya haɗa shi da Dennis Seidenberg, duk da cewa dukansu ta hagu suke bugu, alhali an fi son na hagu da na dama. Da wannan haɗi Boston ta ɗauki Kofin Stanley.

Daga 2017, yana da shekara 40, aka jingina shi da matashi Charlie McAvoy. Masu suka suka ce saurinsa ya ragu, McAvoy ne ke rufa masa asiri. Magoya bayansa suka kafa hujja da tsawon sandarsa da iya tare hanya idan an kori abokin wasa na ɗan lokaci, kuma a wannan fage hujjarsu ta fi ƙarfi.

Da Boston ta nemi rage masa lokacin wasa a 2020, sai ya koma Washington. Ya yi ritaya a 2022 bayan wasanni 1,680 a gasar NHL.