"Kana Ina a Ranar?": Tarihin Wata Tambaya a Amurka

Ranar Talata, 11 ga Satumba 2001, ƙarfe tara ta ɗan gota, Shugaba George W. Bush yana zaune gaban 'yan aji biyu a makarantar firamare ta Emma E. Booker da ke Sarasota a jihar Florida, sai shugaban ma'aikatan fadarsa, Andrew Card, ya sunkuyo ya raɗa masa cewa jirgi na biyu ya afka wa Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York. Duniya ta ga hoton wannan raɗar. Amma a watan Disamba, a wani taro a Orlando, da aka tambaye shi yadda ya ji, Bush ya ce kafin ya shiga ajin ya ga jirgi na farko a talabijin yana dukan bene, har ya ɗauka matuƙin ne bai iya ba. Hakan ba ta yiwuwa, domin ba a nuna hoton jirgin farko a wannan safiyar ba. Wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jules Naudet, ne ya ɗauke shi, sai daga baya ya fito. Masu zargin maƙarƙashiya suka yi caa a kansa. Bayanin kuwa ya fi haka sauƙi, kuma ya shafi kusan duk wanda ya taɓa amsa tambayar da Amurkawa ke yi wa juna duk shekara: kana ina a ranar?

Tambayar ta girmi harin da nisa. A 1899 wani mai nazarin halayyar ɗan Adam, F. W. Colegrove, ya tambayi mutane 179 inda suke lokacin da suka ji an harbe Shugaba Abraham Lincoln a 1865. Bayan shekara talatin da 'yan kai, 127 daga cikinsu suka zayyano wurin da wanda ya kawo musu labarin.

Adana irin wannan amsa da gangan kuwa, sai bayan da Japan ta kai hari Pearl Harbor. Washegari, 8 ga Disamba 1941, Alan Lomax na Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya aika da telegiram ga masu tattara waƙoƙin gargajiya a sassan ƙasar, ya ce su ajiye waƙa su fita titi su ɗauki muryar jama'a. Da na'urar yankan faifai suka ɗauki direbobin tasi, masu shara, ɗalibai da matan gida. Shekara sittin bayan haka, da benaye suka faɗi, ma'aikatar ta sake yin irin wannan kira, wannan karon da kaset da bidiyo.

Kisan Shugaba John F. Kennedy a 1963 ne ya mayar da tambayar abin hira a kowane gida, shi ne kuma ya jawo masana. A 1977 Roger Brown da James Kulik suka ce labari mai girgiza zuciya yakan zauna a ƙwaƙwalwa kamar hoton da walƙiyar kyamara ta ɗauka, komai na nan daram. Ra'ayin ya karɓu don ya yi daidai da abin da kowa ke ji a ransa.

Wani masani, Ulric Neisser, bai gamsu ba, kuma yana da dalili. Ya daɗe yana tuna cewa wasan besbol yake saurara a rediyo aka katse da labarin Pearl Harbor, sai wata rana ya farga cewa ba a buga besbol a watan Disamba. Da kumbon Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairu 1986, shi da Nicole Harsch suka sa ɗalibai 106 a Jami'ar Emory su rubuta yadda suka ji labarin tun bai huce ba. Bayan shekara biyu da rabi suka sake tambayar 44 daga cikinsu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da komai ba: wurin daban, mai ba da labarin daban. Da aka miƙa musu takardunsu, wasu suka amince rubutunsu ne, amma suka tsaya kai da fata cewa ba haka aka yi ba.

Saboda haka da harin 2001 ya zo, wanda ya kashe mutum 2,977 ban da maharan 19, masu bincike a shirye suke. Tun 12 ga Satumba Jennifer Talarico da David Rubin suka tara ɗalibai 54 a Jami'ar Duke, suka sa su rubuta labarin harin da kuma wani abu na yau da kullum da ya faru da su. Da lokaci ya ja, labaran biyu suka zaizaye daidai wa daida. Bambancin kawai shi ne, game da harin, ɗaliban ba su daina rantsuwa cewa suna tune da komai ba. William Hirst da abokan aikinsa suka bi mutane sama da 3,000 tun makon farko har shekara goma. Cikin shekarar farko kusan kashi 40 cikin 100 na bayanan suka sauya, daga nan sabon labarin ya kafu, shi mutum zai ci gaba da maimaitawa. A binciken Kathy Pezdek, kashi 73 cikin 100 suka ce sun ga jirgin farko a talabijin a ranar, wato kuskuren Bush sak.

Wannan bai sa a kira su maƙaryata ba. Wanda ke ba da labarin inda yake, ba rahoto yake kawowa ba. Wurin zama yake nema wa kansa a cikin abin da ya sami al'ummarsa, kuma kowane maimaici yana ƙara goge labarin, hotunan talabijin na cike gurbin abin da ya ɓace. Shi ya sa muryar da aka ɗauka da ɗumi-ɗuminta ta fi daraja ga mai tarihi. Jami'ar Columbia ta fara ɗaukar hirarraki makonni kaɗan bayan harin, ta kuma koma wa mutanen daga baya don ganin abin da ya canza. Jami'ar George Mason da ta Birnin New York suka buɗe rumbu a intanet inda dubban mutane suka rubuto nasu, wanda Ɗakin Karatun Majalisa ya karɓa a 2003. Gidan tarihin da aka buɗe a wurin benayen a 2014 ma, da muryoyin mutane daga ƙasashe daban-daban yake tarbar baƙo, kowa na faɗin inda yake, ba tare da an tantance wanda ya tuna daidai ba.