Kaya Sun Watse, Kundi Ya Saura: Tarihin Tsofaffin Littattafan Fasahar Sin

A shekarar 1906 aka kammala buga wani littafi a birnin New York wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarsa sai da taimako. Mujalladi biyu ne, nauyinsu ya haura kilo 50, kuma kwafi 100 kacal aka buga. Ko ɗaya ba a kai kasuwa ba. An rarraba su ne ga sarakuna da shugabannin ƙasashe da manyan ɗakunan karatu, kamar yadda mai aikin ya tsara kafin rasuwarsa a 1902. Mutumin shi ne Heber Bishop, wani attajirin Amurka, littafin kuma sunansa Investigations and Studies in Jade. Abin da ke cikinsa bayani ne da hotunan kayan da Bishop ya tara, waɗanda aka sassaƙa da wani dutse mai sheƙi, kore ko fari, da Sinawa ke kira yu, Turawa kuma suke kira jed. Dubban shekaru Sinawa suka yi suna girmama wannan dutse fiye da yadda suke girmama zinariya.

Duk lokacin da wani babban mai tara kayan tarihin Sin ya rasu, magada suka kai taskar littattafansa gwanjo a Landan ko Paris ko Hong Kong, irin waɗannan ne littattafan da dillalai ke fara nema a jerin kayan. Wanda bai san harkar ba zai yi mamaki. Tulun tangaran da ya shekara ɗari biyar, an ga dalilin tsadarsa. To littafin da hoton tulun kawai ya ɗauka fa? Amsar tana cikin wata ɗabi'a ta kayan tarihi: ba sa zama wuri ɗaya. Yaƙi yana kwashe su, bashi yana fitar da su daga gida, rabon gado yana raba abin da mutum ya shafe rayuwarsa yana haɗawa. Idan hakan ta faru, kundin da aka rubuta lokacin da suke tare shi ne kaɗai ke iya faɗin abin da ya kasance a wurin, da mai shi, da inda ya samo shi.

Sinawa sun koyi wannan darasi tun kafin Turawa su san hanyar Beijing. Sarki Huizong na daular Song, wanda ya hau mulki a 1100, ya fi gwaninta a zane da rubutu a kan tafiyar da ƙasa. Ya tara tsofaffin tukwane da ƙararrawa na tagulla, ya sa malaman fada suka zana su ɗaya bayan ɗaya, suka auna tsawo da nauyin kowanne, suka kwafi rubutun da ke jikinsa. Kundin da ya fito daga wannan aiki, Xuanhe Bogu Tu, ya ƙunshi kaya 839. A 1127 rundunar daular Jin ta kame babban birninsa, Kaifeng, ta tasa ƙeyar sarkin zuwa arewa inda ya mutu a tsare. Taskar fada ta tarwatse. Kundin kuwa ya tsira, aka riƙa sake buga shi daga daula zuwa daula, har masu ƙera tagulla da magina tangaran na ƙarnonin baya suka mayar da shi abin koyi.

Wannan yaƙin ya cinye wata taska ƙarama wadda labarinta ya fi taɓa zuciya. Zhao Mingcheng, jami'in gwamnati, da matarsa Li Qingzhao, wadda ake lissafa ta cikin manyan mawaƙan Sin, sun yi shekaru suna tara littattafai da kwafin tsofaffin rubuce-rubucen da aka sassaƙa a jikin duwatsu da tagulla. Ana samun irin wannan kwafi ne ta manna takarda mai laima a jikin rubutun, sannan a daddanna tawada a kanta har haruffan su fito fari. Da yaƙi ya matso, sun loda abin da za su iya a amalanke 15 zuwa kudu. Sauran, cike da ɗakuna sama da goma a gidansu na Qingzhou, wuta ta cinye. Mijin ya rasu a 1129, matar ta ci gaba da gudun hijira, kayan suna raguwa a hannunta ta hanyar sata da yasarwa, har kusan babu abin da ya saura. Abin da ya iso ga na baya shi ne kundin da suka tsara tare, Jinshi Lu, mai bayanin rubuce-rubuce 2,000.

Sarki Qianlong na daular Qing, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, ya ɗauki wannan al'ada ya kai ta maƙura. A zamaninsa aka tsara Shiqu Baoji domin zane-zane da rubutun hannu na fada, da Xiqing Gujian domin kayan tagulla 1,529. A 1744 kuma masu zanen fada biyu, Shen Yuan da Tang Dai, suka kammala wani kundi na hotuna 40 na Yuanmingyuan, katafaren lambu mai fadoji da tafkuna a arewa maso yammacin Beijing. A watan Oktoba na 1860, ƙarshen yaƙin Opiyom na biyu, sojojin Birtaniya da Faransa suka wawashe wurin, sannan jakadan Birtaniya Lord Elgin ya ba da umarnin a cinna masa wuta, yana mai cewa ramuwa ce kan azabtar da wakilansu da aka kama da kuma kashe wasunsu. Wani hafsan Faransa, Charles Dupin, ya tafi da kundin hotunan 40 cikin ganimarsa. Tun 1862 yake ɗakin karatun ƙasar Faransa a Paris. Ke nan mafi cikar hoton fadar da aka ƙone yana ajiye a ƙasar da sojojinta suka wawashe ta.

Daga nan labarin ya koma Turai da Amurka. Cikin 'yan watanni kayan fadar suka fara bayyana a gidajen gwanjo na Landan da Paris, kuma ƙananan takardun tallan gwanjon ba su ɓoye asalinsu ba, domin a lokacin ambaton fadar ƙara wa kaya daraja yake yi. Attajiran da suka yi arziki da jirgin ƙasa da ma'adinai suka shiga saye. Bishop na cikinsu, kuma wasu daga kayansa daga wannan wawason suka fito. Sai dai galibin masu sayen ba su iya karanta harafin Sinanci ko ɗaya ba. Suna da kuɗi, suna da kaya, amma ba su da hanyar bambance na daular Ming da wanda aka gasa shekaru goma da suka wuce. Wannan giɓin ne ya haifar da manyan littattafan.

Wanda ya fi kowa cike shi likita ne. Stephen Bushell ya isa Beijing a 1868 a matsayin likitan ofishin jakadancin Birtaniya, ya zauna fiye da shekaru 30, ya koyi Sinanci har yana fassara tsofaffin littattafan tangaran. William Walters, attajirin birnin Baltimore, ya ɗauko shi domin ya rubuta bayanin taskarsa. Walters ba mai tsoron kashe kuɗi ba ne: shi ake dangantawa da sayen wani ɗan ƙaramin tulu mai launin ja-ja a kan dala 18,000 a gwanjon New York na 1886, cinikin da jaridu suka daɗe suna yi wa ba'a. Littafin, Oriental Ceramic Art, ya fito a 1897, shekaru uku bayan rasuwarsa, kashi goma, kwafi 500, da hotuna masu launi 116. Hoton kyamara mai launi bai samu ba tukuna, don haka masu zane suka zauna gaban kowane tulu suka zana shi, kamfanin Louis Prang na Boston kuma ya buga. Kowane launi sai an zana shi a kan falalen dutse na daban, a buga ɗaya bisa ɗaya a kan takarda guda, kuma hoto ɗaya yakan ci duwatsu fiye da 20. Wanda ya ƙura wa hotunan ido yakan hango inuwar tagar ɗakin da aka yi zanen a jikin sheƙin tulun.

Amma shaida ma yana iya yin ƙarya, kuma Bushell ɗin ne ƙaryar ta fi kamawa. A tsakiyar shekarun 1880 ya sayi wani kundi a Beijing mai zanen kayan tangaran 83, wanda aka ce Xiang Yuanbian ne ya tsara shi. Wannan suna ba ƙarami ba ne. Xiang, wanda ya rayu daga 1525 zuwa 1590 a garin Jiaxing, shi ne mashahurin mai tara kayan fasaha na daular Ming, kuma hatimansa na nan birjik a jikin manyan zane-zanen da suka bi ta hannunsa. Idan har kundin nasa ne, to an samu idon masani na ƙarni na 16 yana nuna yadda tangaran ɗin daular Song yake. Bushell ya kai shi Landan, gobara ta cinye shi a wani ɗakin ajiya a 1887. Ya nemo wani kwafi da aka zana a Beijing, ya fassara, aka buga a Oxford a 1908, shekarar da ya rasu. A 1931 aka sake fitar da shi a Beijing cikin bugu na alfarma. Shekaru da dama masana suna kafa hujja da shi.

A shekarun 1930 asiri ya tonu. Percival David a Landan da Paul Pelliot a Paris suka bi kundin diddigi, aka gano cewa da yawa daga siffofin da ke ciki an kwafo su ne daga tsofaffin kundayen tagulla irin na zamanin Song, aka shafa musu launin tangaran, aka liƙa wa aikin sunan Xiang. Abin lura shi ne makamin da aka kama jabun da shi: wasu littattafan ne. Da ba a adana kundayen tagullar ba, da babu abin da za a gwada zanen da shi.

Percival David ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne misalin mai tara kaya da ya ɗauki karatu da muhimmanci daidai da saye. An haife shi a Bombay a 1892, cikin gidan attajiran Yahudawa masu asali daga Bagadaza. Ya koyi Sinanci, kuma a ƙarshen shekarun 1920 ya sayi wasu kayan fada da gidan sarautar Qing ya jinginar wa wani banki. A 1934 R. L. Hobson na gidan tarihin Birtaniya ya wallafa kundin taskarsa. Cikin kayansa akwai tuluna biyu masu zanen shuɗi a kan fari, ɗauke da rubutun da ke nuna shekarar 1351. Kafin a san su, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne irin wannan tangaran mai kyau sai a daular Ming ya bunƙasa. Hobson ya yi rubutu a kansu a 1929, sannan a shekarun 1950 wani masanin Amurka, John Pope, ya gwada su da tangaran ɗin fadar Topkapi ta Istanbul da na hubbaren Ardabil a Iran, ya ware rukuni guda na kayan ƙarni na 14. David ya miƙa taskarsa haɗe da littattafansa ga Jami'ar Landan a 1950, ya kuma ƙarasa rayuwarsa yana fassara Gegu Yaolun, jagorar gane kayan tarihi da Cao Zhao ya rubuta a 1388. Fassarar ta fito a 1971, shekaru bakwai bayan rasuwarsa. A 2024 aka sanar da mallaka wa gidan tarihin Birtaniya kayan nasa, kimanin guda 1,700, da aka ƙiyasta darajarsu a kan fam biliyan ɗaya.

Taskar David ta tsira a dunƙule, amma ba kowa ya yi wannan sa'ar ba. George Eumorfopoulos, shugaban farko na ƙungiyar masu nazarin tangaran ɗin gabas da aka kafa a Landan a 1921, ya sa Hobson ya tsara masa kundi mai mujalladi shida tsakanin 1925 da 1928. Karayar tattalin arzikin duniya ta taɓa shi, ya sayar da kaso mai yawa ga gidajen tarihi biyu na Landan a kan fam 100,000, saura kuma aka yi gwanjonsu a 1940 bayan rasuwarsa. Yau wanda ke son ganin taskarsa a haɗe sai dai ya buɗe mujalladan nan shida.

Shi ya sa darajar waɗannan littattafai take hawa tare da darajar kayan. Tun da attajiran Sin suka shigo kasuwa da ƙarfinsu, jabu ma ya yawaita, domin littafin da ke koya wa mai saye shi ne ke koya wa mai kwaikwayo. Tulun da aka samu hotonsa a kundin 1925 yana da hujjar da sabon jabu ba zai iya ƙirƙira ba, kuma wannan shafi ɗaya yana iya ninka farashinsa. Shafin da ke ɗaga farashi kuwa shi ne dai wanda masu neman a mayar da kayan da aka wawashe ke buɗewa. A 2009, da kamfanin Christie's ya sa kawunan ɓera da zomo na tagulla a gwanjo a Paris, babu wanda ya yi gardama kan asalinsu, domin hotunan da aka buga a fadar Qianlong a shekarun 1780 sun nuna maɓuɓɓugar ruwa ta Yuanmingyuan da dabbobi goma sha biyu jere a gefenta. Gwamnatin Sin ta yi tir da gwanjon, wanda ya yi tayi mafi tsoka ya ƙi biya, kuma a 2013 iyalan Pinault, masu kamfanin, suka mayar da kawunan biyu Beijing.

Kundin hotuna 40 dai yana Paris har yanzu. Da masanan gine-gine na Jami'ar Tsinghua suka tashi sake gina Yuanmingyuan a kwamfuta, hotunansa na cikin abubuwan da suka dogara da su wajen sanin siffar rufin fadoji da inda gadoji suke. Kundin jabun Xiang ma bai rasa masu saye ba: bugun 1908 da na 1931 suna fitowa a gwanjo lokaci zuwa lokaci, kuma masu neman tsofaffin littattafai suna biyan kuɗi mai kauri a kansu, alhali sun san abin da David da Pelliot suka gano.