Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin da Ya Zama Minista

Gabatarwa

Sau da yawa akan tuna Malam Aminu Kano a matsayin jagoran talakawa, a manta cewa malanta ce ta haife shi, ita ce kuma ta tsara siyasarsa. Wannan maƙala za ta bi sawun rayuwarsa domin nuna hakan.

Asalinsa da Karatunsa

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, a zuriyar Fulani Genawa waɗanda suka shahara da ilimi da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin fiƙihu ne da ya yi aiki a kotun alƙali. A gida ya fara karatun allo, sannan ya shiga makarantar boko har zuwa Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1942.

Koyarwa

Ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi masa tasiri ƙwarai. A 1946 ya tafi ƙarin ilimi a Landan. Bayan dawowarsa ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, daga baya aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga jam'iyyar NEPU, ya zama shugabanta a 1953.

Siyasa da Minista

Abin lura shi ne, Malam ya yawaita kafa hujja da Alƙur'ani da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen sukar zalunci. Shehu ya yi tir da jangali da sauran harajin zalunci a littafinsa Kitabul Farƙi. Malam kuwa ya tarar ana karɓar jangali a ƙasar da jihadin ya kafa. Saboda haka tambayarsa ga masu mulki ta malami ce: ina amanar da aka gada? Magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a kan wannan tafarki.

A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya, wato minista, na Sadarwa daga 1967, sannan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Muƙami bai raba shi da tafsirin da yake yi ba, bai kuma daina kira ga ilimantar da mata ba. A 1979 gwamnatocin jam'iyyarsa ta PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali.

Kammalawa

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda a yau cibiyar nazari ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi game da tsayuwar malami a ƙofar masu mulki. Rayuwar Malam Aminu ta nuna cewa malami na iya shiga, ya fito bai tara dukiya ba, bai kuma sauya magana ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.