Mudun Da Ake Auna Lasisin Rumbun Bayanai

Kafin watan Yunin 1969, wanda ya ɗauki hayar babbar kwamfutar IBM ba ya biyan kuɗin manhaja daban. Gyara ce ake ɗora masa a kan cinikin na'ura. A watan ne kamfanin, wanda gwamnatin Amurka ta riga ta maka a kotu kan zargin babakere, ya raba farashin biyun, manhaja ta zama haja mai zaman kanta. Shekara guda bayan haka Edgar Codd, ma'aikacin IBM ɗin, ya wallafa maƙalar da ta shimfiɗa tsarin adana bayanai cikin jadawaloli masu alaƙa da juna. IBM ya yi jinkiri. Larry Ellison da abokansa biyu suka kafa kamfaninsu a 1977, suka fito da Oracle kasuwa a 1979.

Tun daga lokacin, abin da mai saye ke biya izinin amfani ne kawai, manhajar tana nan hannun mai ita. Tambayar da ta dami masu sayarwa ita ce da wane mudu za a auna izinin. An auna da yawan masu amfani, an auna da girman na'ura. A ƙarshen shekarun 1990 Oracle ya koma lissafi da saurin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yadda duk wanda ya sayi na'ura mai sauri sai kuɗin lasisinsa ya hau. Ƙorafi ya yi yawa, aka janye tsarin a 2001, aka koma ƙirga furosesa ɗaya-ɗaya. Ba a jima ba masu ƙera na'urori suka fara cusa ƙwayoyin sarrafawa biyu, huɗu, takwas a cikin furosesa guda. Mai saye ya ga garaɓasa, mai sayarwa kuwa ya ga asara, sai aka sake mudun: Oracle ya fara ƙirga ƙwayoyin, Microsoft ma ya bi sahu da SQL Server 2012.

Rabe-raben aji ya fi wannan dabara. SQL Server 2022 yana da Express, Standard da Enterprise, kuma injin da ke cikinsu kusan ɗaya ne, sai dai an datse wasu ƙofofi. Express kyauta ne, amma rumbu ɗaya ba ya wuce gigabait 10. Standard ba ya amfani da ƙwayoyi fiye da 24, ko da na'urar tana da ninkin haka. Enterprise ba shi da wannan takunkumi, farashinsa kuwa kimanin dala 15,000 ne kan kowane ƙwayoyi biyu, alhali na Standard bai kai dala 4,000 ba. Akwai kuma Developer, mai duk abin da Enterprise ke da shi kuma ba a biyan ko kwabo, bisa sharaɗin gwaji da koyo kaɗai za a yi da shi. Nan ne tarkon yake. A ce ɗan kwangila ya girka wa wani asibiti a Talata Mafara ko Bakura wannan ajin don adana bayanan majinyata: komai zai yi aiki lafiya lau, amma asibitin ya karya sharaɗin lasisi ba tare da shugabansa ya sani ba. In kuwa Express aka saka, ranar da rumbun ya cika sai ya ƙi karɓar sunan sabon majinyaci.

A Najeriya lissafin ya fi ɗaci, domin da dala ake yanke farashin. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979 da wani suna, ita ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha, har da lasisin manhaja, kafin a fitar da kuɗin waje don biyansu. Uwar garke mai ƙwayoyi takwas a ajin Enterprise tana cin kimanin dala 60,000. A farkon 2023, da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, kuɗin bai kai naira miliyan 28 ba. Da ta haura 1,500 a 2024, ya zama miliyan 90, ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. A wajen Oracle kuma akwai kuɗin kulawa na kashi 22 cikin ɗari na farashin lasisi duk shekara, wanda a shekara ta biyar ya zarce kuɗin sayen kansa.

Mafita ta kyauta ta daɗe a fili. PostgreSQL ya samo asali ne daga aikin da Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, kuma ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. MySQL ya faɗa hannun Sun a 2008, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010. Ganin inda aka dosa ne ya sa Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire shi, ya ɓalle da MariaDB tun 2009. Abin da ke hana manyan ma'aikatu ƙaura shi ne kowane rumbu da karin harshensa: Oracle na da PL/SQL, Microsoft na da T-SQL. Bankin da ya shekara ashirin yana rubuta ƙa'idojin lissafinsa da ɗayansu, sai ya sake rubuta su, ya gwada kowanne, yayin da asusun mutane ke ci gaba da shige da fice a tsohon rumbun da har yanzu yake biya wa lasisi.