Raƙumi da mota a kan hanyar Makka zuwa Madina

A yau shirin zai kai mu ƙasar Saudiyya ne, inda za mu duba tarihin wani haɗari da ya daɗe yana cin rayuka a kan manyan hanyoyin ƙasar, wato karo tsakanin motar da ke sheƙa gudu da dabbar da ta ratso titi.

Duk wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji ko Umara daga Nijeriya ko Nijar, da wuya a ce bai san unguwar Misfala ba. Tana kudu da Harami, kuma tun zamanin da kakanninmu ke tafiya Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, Hausawa ke zaune a cikinta. Har gobe kuma a nan ake sauke alhazanmu da dama. Daga irin waɗannan unguwanni ne motoci ke kwasar masu ziyara zuwa Madina, tafiyar fiye da kilomita 400, sau da yawa cikin dare don gudun zafin rana. To, wannan tafiya ta dare ita ce abin da za mu tsaya a kai.

Shekaru ɗari da suka wuce, raƙumi shi ne motar wannan hanya. Alhaji in ya sauka daga jirgin ruwa a Jidda, kwana biyu yake yi kafin ya isa Makka, tare da yada zango a Bahra, alhali nisan bai wuce kilomita 80 ba. Daga Makka zuwa Madina kuwa, ayari kan yi kwana 10 zuwa 12. Bayan da Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a shekarar 1924, da Jidda a ƙarshen 1925, sai motoci suka fara shiga harkar jigilar alhazai, sannu a hankali suna ƙwace ta daga hannun masu raƙuma. A shekarar 1938 aka samu man fetur a Dammam, sa'an nan da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 1973, sai ƙasar ta shiga shimfiɗa manyan tituna masu tsawon gaske a cikin hamada. Hanyar da ayari ke yi wa kwana 10 ta koma ta awa huɗu ko biyar.

To amma fa raƙumi bai tafi ko'ina ba. An daina ɗora masa kaya, amma ana ci gaba da kiwonsa saboda nono da nama da tsere, kuma a yau ana ƙiyasta cewa raƙuman Saudiyya sun kai wajen miliyan 2. Raƙumi dai ba naman daji ba ne, yana da mai shi. Sai dai bisa al'adar makiyaya, sakin sa ake yi ya nemi abinci da kansa, ya yi nisa ba tare da kowa na biye da shi ba. Titi kuwa an ratsa da shi ta tsakiyar makiyayarsa ne, bai san da zamansa ba. Saboda haka ga direba, babu wani bambanci tsakaninsa da dabbar dawa.

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya sa karo da raƙumi ya fi karo da akuya ko ma saniya muni? Amsar tana cikin ƙirar jikinsa. Babban raƙumi yakan kai nauyin kilo 400 zuwa 600, kuma kusan duk wannan nauyi yana sama ne, bisa dogayen ƙafafu sirara. Gaban mota an ƙera shi ne yadda zai lotse ya shanye ƙarfin karo, ya kare waɗanda ke ciki. Amma in ƙaramar mota ta bugi raƙumi, ƙafafunsa kawai take sharewa, gangar jikin kuma ta faɗo kan gilashin gaba da rufin mota, daidai inda kan direba da na wanda ke gefensa suke. Bel ɗin kujera yana hana mutum fita ta gilashi, amma ba ya hana rufi danne shi. Shi ya sa a shekarar 1998 wasu likitoci a birnin Riyad suka buga wani rahoto a mujallar Spinal Cord, inda suka bayyana karo da raƙumi a matsayin babban sanadin raunin laka a ƙasan wuya tsakanin majinyatan da suka duba. Irin wannan rauni shi ke barin mutum da shanyewar hannuwa da ƙafafu.

Abu na biyu shi ne gudu, kuma a nan sai mu ɗan yi lissafi. Masana kimiyya sun nuna cewa in gudun mota ya ninka sau biyu, ƙarfin karonta ninkawa yake yi sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya hango abu, ya gane ko mene ne, ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, wato mita 50 ke nan. Bayan ya taka birkin kuma, yana bukatar wajen mita 80 kafin motar ta tsaya, in titin a bushe yake kuma tayoyin na da kyau. Jimla mita 130. Fitilar kusa kuwa ba ta haska fiye da mita 50 zuwa 60. Ka ga ke nan, kafin ya taɓa birki ya riga ya iso kan dabbar. Ga shi kuma launin raƙumi ya saje da yashi, wasu ma baƙaƙe ne wuluk, sa'an nan hasken fitilar a ƙafafu yake tsayawa, ba ya kai wa ga jikin.

To, wane mataki aka ɗauka? An fara ne da allunan gargaɗi masu hoton raƙumi. A shekarar 2004 wasu masana biyu na jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad, Al-Ghamdi da Al-Gadhi, suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa irin waɗannan alluna, inda suka gano cewa direbobi na rage gudu in sun gan su, amma ragin bai wuce kilomita 3 zuwa 7 a awa ba. Idan muka koma kan lissafinmu na ɗazu, wannan bai isa ya ceci rai ba. Abin da ya fi tasiri shi ne shingen waya a gefen manyan hanyoyi, tare da mashigai da ake barin raƙuma su bi ta ƙarƙashin titi ko ta samansa. Sai dai shinge yana da nasa ciwon kai, domin in ya yanke a wuri guda dabba ta shigo, ba ta san ta inda za ta fita ba. Daga baya ma'aikatar muhalli da ruwa da aikin gona ta wajabta sanya wa raƙuma wata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, yadda in haɗari ya auku za a san mai dabbar. Wannan kuwa ya yi daidai da abin da malaman fiƙihu suka daɗe da faɗi, cewa tsare dabba da dare haƙƙin mai ita ne. A ɗaya ɓangaren kuma, a shekarar 2010 aka fara kafa kyamarorin kama masu gudu da ake kira Saher, ko da yake a 2018 an ɗaga iyakar gudun ƙananan motoci zuwa kilomita 140 a wasu hanyoyi, ciki har da ta Makka zuwa Madina. A wannan gudu, tazarar tsayawa ta haura mita 160.

Akwai kuma ainihin namun daji a kusa da Makka. Wanda ya bi hanyar Hada zuwa Ɗa'ifa ya ga garken gwaggon biri a bakin titi. Matafiya ne suka saba musu da jefa abinci daga mota, har suka mai da titin wurin kiwo, dalilin da ya sa hukuma ta hana ciyar da su.

Matsalar ba ta Saudiyya kaɗai ba ce. A Ostireliya, raƙuman da aka shigo da su a ƙarni na 19 don dako, sakin su aka yi da mota ta zo, suka koma daji suka hayayyafa. A Amurka, wani rahoto da aka miƙa wa majalisar dokoki a 2008 ya ce akan yi karo da manyan dabbobi sau miliyan 1 zuwa 2 a shekara, inda mutane kimanin 200 ke rasuwa. A Suwidin kuwa suna fama da wata dabba da ake kira mus, dangin barewa ce amma mai dogayen ƙafafu da nauyi kamar raƙumi, har suna da gwajin kauce mata da ake yi wa sababbin motoci. A wannan gwaji ne wata sabuwar Mercedes ƙirar A-Class ta kife a shekarar 1997, abin da ya sa kamfanin ya sanya mata na'urar hana mota ƙwacewa. A gandun daji na Banff da ke Kanada kuma, shinge da gadojin dabbobi sun rage irin wannan karo da fiye da kashi 80 cikin 100.

Idan muka dawo gida, wanda ke bin hanyar Kano zuwa Katsina da Maraɗi, ko Tawa zuwa Agadas, ya san shanu da jakuna da raƙuma na ratsa titi, kuma babu shinge. Saboda haka abin da ya rage wa direba shi ne ƙafarsa. Kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa cikin iyakar hasken fitilarka ba, musamman da magariba da asuba. In ka ga dabba ɗaya ta tsallaka, ka ɗauka akwai wasu a bayanta. Ka taka birki da ƙarfi kana riƙe da sitiyari sosai, domin fizgar mota cikin gudu shi ke kifar da ita. Kai kuma fasinja, ko daga Misfala ka taso ko daga tashar garinku, in ka ga direba ya wuce kima da dare, ka yi masa magana, ranka ne a ciki.

To masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.