Rabenna: Garin da Bangonsa Ke Ba da Tarihin Sarakuna

Rabenna gari ne a arewa maso gabashin Italiya, kusa da gaɓar tekun Adriyatik. Yau babu hayaniya a cikinsa, amma ya taɓa zama fadar daular Rumawa ta Yamma. A shekarar 402 Sarki Honoriyus ya taso da gadon sarautarsa daga Milan ya dawo nan, domin fadamu da ruwa sun kewaye garin, mayaƙa ba sa iya kutsowa da sauƙi, ga kuma tashar jiragen ruwa ta Classe a kusa idan gudu ya kama. A nan ne kuma daular ta yi numfashinta na ƙarshe a 476, lokacin da wani kwamandan mayaƙa mai suna Odowasa ya tuɓe sarkinta na ƙarshe. Shi ma bai tsira ba: a 493 Tiyodorik, sarkin ƙabilar Got, ya kashe shi ya hau mulki har zuwa 526.

Wanda ke son ganin sawun waɗannan sauye-sauye, sai ya nufi majami'ar Sant'Apollinare Nuovo, wadda Tiyodorik ya gina daura da fadarsa. Daga waje jan bulo ne kawai da doguwar hasumiya mai siffar da'ira. Da an shiga kuwa, sai ido ya rasa inda zai sauka. Ginshiƙan marmara 24 sun jeru sahu biyu, a samansu kuma bango ya lulluɓe da zanen da aka haɗa da 'yan gutsattsarin gilas da duwatsu masu launi. Magina kan danna su ɗaya bayan ɗaya cikin ɗanyar farar ƙasa tun kafin ta bushe. Masu ruwan zinariya, siririn ganyen zinariya ne aka rufe tsakanin gilas biyu, kuma ba a shimfiɗa su sumul ba; kowanne da ɗan karkacensa, shi ya sa bangon ke walƙiya duk inda mutum ya matsa.

A gefe ɗaya shahidai maza 26 sanye da fararen riguna suna tafiya zuwa ga Almasihu. A ɗaya gefen mata 22, kowacce riƙe da kambi, suna bin wasu masana uku na gabas zuwa ga Maryamu da jaririnta. Sai dai waɗannan jerin ba na Tiyodorik ba ne. Shi mabiyin koyarwar Ariyus ne, wadda ta ce Almasihu halitta ne, bai kai matsayin Uba ba, cocin Roma kuwa na kallon wannan a matsayin ɓata. Da Belisariyus, kwamandan Sarki Jastiniyan na Rumawan Gabas, ya ci garin a 540, daga baya aka karɓe majami'ar, aka kankare duk abin da ke tuna tsohon mulki, aka zana waɗannan jerin.

Kankarewar ba ta cika ba. A hoton fadar Tiyodorik da ke kusa da ƙofa, an cire mutanen da ke tsaye tsakanin ginshiƙai, aka zana labulaye a gurbinsu. Amma in ka ƙura ido, za ka ga tafukan hannu da yatsu maƙale a jikin ginshiƙan, babu masu su. Sarki goma, zamani goma. Sababbin masu mulki sun kafa nasu hoton a majami'ar San Vitale, wadda aka keɓe a 547: Jastiniyan da fadawansa a bango ɗaya, matarsa Tiyodora cikin kayan ado a ɗayan, alhali sarkin bai taɓa taka Rabenna ba.

Daga baya laka ta cike tashar Classe, teku ya ja da baya, Lombardawa suka ƙwace garin a 751, kasuwa ta koma Benis. Wannan koma-baya shi ya ceci zanen. A Kustantiniyya, babban birnin Rumawan Gabas, rikicin farfasa hotunan ibada ya lalata irinsu da yawa, a garuruwa masu arziki kuma an rushe tsofaffin majami'u an gina na yayi. Rabenna ba ta da kuɗin yin haka, sai ta ci gaba da ibada a cikin abin da ta gada. A 1996 UNESCO ta sanya gine-ginenta takwas cikin kayan tarihi na duniya, kuma har yau ana koyar da sana'ar wannan zane da gyaransa a garin.